Inshorar masu aikin situko a Amurka: ta intanet mai araha ko ta hannun dillali?

Duk wanda ya fara karɓar aikin situko, wato yaɓen bangon waje na gini, da sunansa a Amurka, kafin babban ɗan kwangila ya tambaye shi ko ya iya aikin sai ya fara tambayarsa ina satifiket ɗin inshora. In babu, ko ƙofar wurin aiki bazaka shiga ba. Shi yasa 'yan'uwanmu da ke wannan sana'a, na Bronx ne ko na Greensboro ko na wajen Atlanta, da yawa abinda suke yi shine su buɗe waya su sayi wadda tafi araha, a turo musu takarda cikin minti goma su miƙa, shikenan. Toh wannan hanya ɗaya ce. Ta biyu itace ka je wajen dillalin inshora wanda ya san harkar gini, ya ɗau kwanaki yana maka tambayoyi masu ban haushi sannan ya kawo maka farashin da zai sa ka riƙe baki. Akwai kuma ta uku da ba'a cika lissafa ta ba, wato ka zauna a ƙarƙashin inshorar wani. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma sai an fara gane dalilin da yasa kamfanonin inshora ke tsoron mai situko fiye da mai fenti ko mai saka tayil, don duk bambancin daga nan ya taso.

A gida filasta a kan bulo muke yi. In ta tsage sai a kira magini ya cike da siminti a shafa fenti, magana ta ƙare. A can kuwa yawancin gidajen zama katako ne, ana kafa ginshiƙan katako a rufe da allon katako, a shimfiɗa takarda mai hana ruwa, a buga ragar waya, sannan a yi yaɓe hawa uku wanda kaurinsa gaba ɗaya bai kai inci ɗaya ba, kamar kashi bakwai cikin takwas na inci. Kaga kenan abinda ke bayan yaɓenka abu ne mai ruɓewa. In ruwa ya samu hanya ta gefen taga ko ta inda rufi ya haɗu da bango, bazai fito ba, zai zauna ne yana cin katakon a hankali, daga waje bango fes kamar ba komai. Sai bayan shekara huɗu ko biyar mai gida zai sayar, a kawo mai duba gida ya huda ƙananan ramuka biyu a ƙasan taga ya zura na'urar auna danshi, lamba ta haura, a fasa wajen, a tarar allon ya yi baƙi ƙirin, kana taɓa shi da yatsa yana marmashewa, ga funfuna har cikin ɗaki. Daga nan lauya ya shigo, kuma lauya baya zaɓe, duk wanda ya taɓa bangon nan sunansa na cikin ƙara: mai rufi, mai taga, mai situko.

Ga kuma situkon roba da suke kira EIFS, wanda ake manna allon soso a bango a shafa siririn yaɓe da ragar zare a kai. Daga Jamus ya samo asali bayan yaƙin duniya na biyu, ya shigo Amurka a 1969. A tsakiyar shekarun 1990 aka gano gidaje birjik a yankin Wilmington na jihar Karolina ta Arewa ruwa ya shige bayansa ya ruɓar da katako, aka yi ta shari'a, kamfanonin inshora suka biya har suka gaji. Tun daga lokacin suka fara cire shi daga takardunsu. Situkon siminti ma bai tsira ba, an yi rigingimunsa sosai a Fulorida har babban lauyan jihar ya shiga tsakani da manyan kamfanonin gina gidaje, haka ma garuruwan da ke kewaye da Philadelphia. Saboda haka in ka ga inshorar situko tana tsada, tarihi ne ake cajinka.

Abinda babban ɗan kwangila ke nema a satifiket yawanci abu biyu ne. Na farko inshorar alhakin ɓarna, wadda ke biya in aikinka ya jawo wa wani rauni ko ya lalata dukiyar wani, kuma adadin da aka saba nema shine dala miliyan 1 a kowane hatsari, miliyan 2 jimilla a shekara. Na biyu inshorar diyyar ma'aikata, ta yaranka in sun ji ciwo a bakin aiki. Ta farkon ce ake samun rikici wajen zaɓe.

Mu fara da ta intanet. Gaskiya tana da nata amfanin, bazan ɓata ta ba. Ana samu nan take ko da daddare ne, ana biya wata-wata, kana iya buga satifiket da kanka a waya ka saka sunan wanda ya baka aiki ba sai ka jira ofis ya buɗe ba. Da yawansu kuma kamfanoni ne masu rajista da hukumar inshorar jihar, wanda ke nufin hukuma ta duba takardunsu da farashinsu, kuma in kamfanin ya karye akwai asusun jiha da ke biyan masu neman haƙƙi har zuwa wani adadi. Wannan ba ƙaramin abu bane. Matsalar tana wajen tambayar da suke maka a fom: wane aiki kake yi? Yawancin irin waɗannan basa son situkon waje, to sai mutum ya ga in ya zaɓi situko an ƙi shi ko farashi ya tashi, sai ya koma ya danna mai fenti ko mai gyare-gyaren gida, farashi ya faɗo, ya ji daɗi. Wallahi malam wannan kuɗin da kake biya duk wata sadaka kake yi wa kamfani. Akwai sharaɗi da ake sakawa mai cewa aikin da aka rubuta a takarda kaɗai aka rufe, ranar da ƙara ta zo suka ga situko ne sai su ce ba mu san da wannan ba, wani lokacin ma su soke takardar daga tushe saboda ba'a faɗi gaskiya ba wajen cika fom. Satifiket ɗin dai ya shigar da kai wurin aiki, iyakar amfaninsa kenan.

Ko da ka faɗi gaskiya sun karɓe ka, sai ka duba abinda suka cire. Satifiket ɗin nan mai shafi ɗaya da ake kira ACORD 25 baya nuna wannan, shi adadin kuɗi da kwanan wata kawai yake nunawa, a samansa ma an rubuta cewa don sanarwa ne kawai baya ba mai riƙe da shi wani haƙƙi. Ainihin maganar tana cikin cikakkiyar takardar, a shafin da aka jera lambobin fom-fom ɗin da aka haɗa. Nemi wannan shafin ka bi da yatsa. In ka ga CG 21 86, wannan shine wanda ya cire EIFS, kuma yadda aka rubuta shi akwai mugunta, don bai tsaya kan wanda ya saka soson ba, ya haɗa da duk aikin da ka yi a wajen gini in dai akwai EIFS ko mai kama da shi a wannan ɓangaren ginin. Wato ka yi yaɓen siminti tsantsa amma aka manna ado na soso a gefen tagogi, wanda ake yi a gidajen zamani da yawa, lauyan kamfanin inshora ya samu abin kamawa. In ka ga CG 21 67 an cire funfuna. CG 22 94 ya cire lalacewar aikin da ƙananan 'yan kwangila suka yi a madadinka, wanda ga mai rarraba aiki wa wasu ƙungiyoyi babbar asara ce. Wasu kamfanonin ma da nasu rubutun suke cire situko kowane iri, ko shigar ruwa gaba ɗaya. Ka cire ruwa daga inshorar mai situko me ya rage? Sai dai in bokitin yaɓe ya faɗo kan motar maƙwabci, ko iska ta kwashi feshi ta ɓata gilashin mutane. Waɗannan ma suna faruwa, amma ba su ne ke rufe kamfani ba.

Yanzu hanyar dillali. Dillali mai zaman kansa yana da kamfanoni da yawa, in kamfanonin da ke da rajistar jiha sun ƙi ka sai ya kai ka kasuwa ta biyu, ta kamfanonin da doka ta yarda su ɗauki kasadar da sauran suka guda, irinsu masu inshora na Lloyd's a Landan da wasu na cikin Amurka. Mafi yawan masu situko na gaske a nan suke ƙarewa. Zai tambaye ka kashi nawa na aikinka siminti ne kashi nawa soso ne, gidan zama ne ko na kasuwanci, sabon gini ko gyara, hawa nawa kake kaiwa, nawa kake biyan ma'aikata a shekara, nawa kake ba ƙananan 'yan kwangila, ya kuma nemi tarihin abinda inshorarka ta baya ta taɓa biya. Amfanin duk wannan wahalar shine a nan ne aka fi samun takardar da ta rubuta situko ɓaro-ɓaro, a nan ne kuma ake iya sayo EIFS a mayar da shi ciki da ƙarin kuɗi, galibi da sharaɗin cewa irin mai hanyar tsiyayar ruwa kake sakawa kuma kana da takardar horo daga masu ƙera kayan.

Amma kar wani ya ɗauka duk abinda ya fito daga hannun dillali zinari ne. Wannan kasuwar hukuma bata tantance rubutun takardunsu kamar na farko, kowa da irin nasa, kuma mafi munin sharuɗɗan da ake gani a harkar gini a nan suke. Akwai mai cewa babu gidajen rukuni ko benaye masu masu-gida da yawa, don a nan ake haɗuwa a yi ƙarar taron dangi. Akwai mai cewa kar ka wuce hawa uku. Akwai mai cire duk aikin da ka gama kafin ranar da takardar ta fara, wanda ke nufin duk shekarar da ka canza kamfani ayyukanka na baya sun zama marayu. Akwai mai saka wa'adi, ya ce in ba'a kawo ƙara cikin shekara biyu ko uku ba babu ruwansa, alhali na faɗa maka ruwa baya gaggawa. Akwai kuma wanda kuɗin lauya daga cikin miliyan ɗayan nan ake cirewa, shari'ar gini kuwa tana iya shekaru, kafin a zo biyan diyya lauyoyi sun cinye rabi. Sannan a kusan duk jihohi asusun jiha baya tsaya musu in sun karye, shi yasa ake duba darajar da AM Best, mai auna ƙarfin kamfanonin inshora, ta ba kamfanin, manyan 'yan kwangila da yawa basa karɓar ƙasa da A-. Ga harajin jiha da kuɗin dillali a kai, kuma yawanci ko ka soke bayan sati biyu akwai kason da bazasu mayar ba, kashi 25 cikin ɗari ne aka fi gani. Don haka bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu a wajena shine a ta dillali akwai mutum da zaka zaunar ka ce nuna min inda aka rubuta, ka ce wannan sharaɗin nawa ne a cire shi. A waya babu wanda zaka yi ciniki da shi.

Wani abu da ya kamata a kwatanta shine yadda takardar ke lissafin lokaci. Iri biyu ne. Mai lamba CG 00 01 tana bin lokacin da ɓarnar ta faru, in ta faru a shekarar da kake da inshora to ko bayan shekara shida aka kawo ƙara tana nan. Mai lamba CG 00 02 tana bin lokacin da aka kawo ƙarar, in ka daina biya ko ka canza kamfani baka sayi ƙarin wa'adi ba ta tafi da komai. Ta biyun tafi araha a shekarun farko, kuma ga mai situko ni ban ga dalilin ɗaukarta ba sai in babu yadda za'a yi, manyan 'yan kwangila ma galibi ta farkon suke rubutawa a yarjejeniya. Tsawon lokacin da za'a iya binka ya danganta da jiha: a Kalifoniya shekara 10 ne kan aibin da yake ɓoye, Fulorida ta rage nata daga 10 zuwa 7 a 2023, Karolina ta Arewa 6. Ka auna takardarka da wannan adadin na jiharka.

Akwai abinda duk hanyoyin biyu suka yi tarayya a kai, kuma mutane na yawan jin haushi in sun gano. Babu wadda zata biya ka sake yaɓen da kai ka ɓata. In kwaɓinka bai yi ba ya tsattsage, ko kala ta bambanta mai gida ya ce a sake, daga aljihunka. Abinda take duba shine ɓarnar da aikinka ya jawo wa sauran ginin, katakon da ya ruɓe, silin da ya zubo, kafet da ya jiƙe, shima kotunan jihohi sun sha bamban kan iyakarsa.

Sai maganar saka sunan mai baka aiki a cikin inshorarka. Kusan kowace yarjejeniya tana neman wannan, kuma fom biyu ne: CG 20 10 na lokacin da ake cikin aiki, CG 20 37 na bayan an gama. Masu araha da yawa na farkon kawai suke bayarwa. Sai ka gama aiki ka kai takardar neman biya, ofishin babban ɗan kwangila su duba su ce babu na biyun, su riƙe cekinka har sai ka kawo. Tambayi wannan tun kafin ka saya, ko ta wace hanya ce.

In kana Niyok kuwa lissafin daban ne gaba ɗaya. Suna da dokar sikafol, wato abin da ake kafawa a hau a yi aiki a sama, sashe na 240 na dokar ƙwadago, asalinta tun 1885, wadda ta ɗora wa mai gini da babban ɗan kwangila cikakken alhaki in ma'aikaci ya faɗo daga sama saboda rashin kayan kariya da suka dace. Yadda abin ke tafiya shine yaronka ya faɗo, bazai iya ƙararka kai tsaye ba tunda diyyar ma'aikata ta biya shi, sai ya yi ƙarar mai ginin, shi kuma mai ginin ya ɗauko yarjejeniyar da ka sa wa hannu cewa zaka ɗauke masa duk abinda ya taso, ƙara ta zagayo ta dawo kanka. Inshora mai araha a Niyok kusan kullum ta cire wannan zagayen, ana rubuta shi a matsayin cire raunin ma'aikata ko na ƙananan 'yan kwangila. Mai situko kuwa rayuwarsa a kan sikafol take. Wadda bata cire ba tsadarta ta ninka, amma ita ce manyan wuraren aiki ke karɓa, kuma a nan kam ban ga wani zaɓi ba illa dillali wanda ya san birnin.

Diyyar ma'aikata ita ba'a cika samun bambancin rubutu ba tunda dokar jiha ce ke faɗin abinda za'a biya, bambancin yana wajen wa ya wajaba a kansa da yadda ake lissafi. Fulorida a harkar gini ko ma'aikaci ɗaya gareka dole ne. Kalifoniya da Niyok ma haka. Karolina ta Arewa da Jojiya daga mutum uku. Teksas bata tilasta wa kamfanoni masu zaman kansu ba, sai dai in baka da ita yaro ya ji ciwo zai iya kai ka kotu kai tsaye kuma an ƙwace maka manyan hujjojin kare kai. A Ohayo, jihar Washington, Wyoming da Dakota ta Arewa kuma daga asusun gwamnatin jiha kaɗai ake saye, dillali bashi da abin sayar maka a wannan ɓangaren. Ana lissafa kuɗin ne a kan kowace dala 100 ta albashi, kuma abinda ka biya a farkon shekara ƙiyasi ne, a ƙarshe zasu zo odit su duba littafinka. Nan ne ake kuka. Duk wanda ka biya a matsayin mai zaman kansa amma bashi da tasa inshorar, za'a lissafa shi a matsayin ma'aikacinka. A ce misali farashinka dala 10 ne a kan kowace 100, ka raba wa wasu samari dala 60,000 a shekara ba tare da ka karɓi satifiket ɗinsu ba, takardar bashin dala 6,000 zata same ka a gida. Inshorar alhakin ɓarna ma ana mata irin wannan odit ɗin.

Akwai wata inshorar diyyar ma'aikata da ake sayar wa mai aiki shi kaɗai, a rubuta babu ma'aikaci, shi ma mai kamfanin a cire shi, a biya mafi ƙarancin kuɗi don dai satifiket ya fito. In da gaske kai kaɗai ne kuma jiharka ta yarda, ba laifi bane, amma ka sani in ka faɗo ka karye ko sisi bazata baka ba. Kuma situko aikin mutum ɗaya ne? Wa ke kwaɓawa, wa ke miƙawa, wa ke shafawa? Wanda yake da yara huɗu a sikafol yana yawo da irin wannan takardar, ranar da ɗaya ya faɗo bayan asibiti har da hukuma zai yi, a Fulorida ma ko ba'a faɗo ba masu bincike na zagaya wuraren gini suna tsayar da aiki nan take.

Hanya ta uku, zama ƙarƙashin wani. Iri biyu ce ita ma. Ko dai ka zama cikakken ma'aikacin wani kamfani ana cire maka haraji a albashi, wanda ga sabon zuwa ko wanda bai tara jari ba ni ina ganin yafi, ribar ta ragu amma in ruwa ya shiga bango bayan shekara biyar ba sunanka za'a nema ba, in ka ji ciwo kuma akwai mai biya. Ko kuma a manyan ayyuka inda mai ginin ko babban ɗan kwangila ke sayen inshora ɗaya ta rufe kowa da kowa a wannan wurin, sai a rage kuɗin inshora daga farashinka. Wannan yana da kyau musamman a irin benayen da taka takardar ta cire, amma a wurin kaɗai yake aiki, bai shafi motarka da kayan aikinka da sauran ayyukanka ba, kuma ka tambayi shekara nawa zai ci gaba da rufe aikin bayan an gama. Abinda ba hanya bace shine wani ya ce maka da baki kar ka damu kana cikin tawa, alhali cek yake rubuta maka da sunan kamfaninka. Inshorarsa shi take karewa, in ta biya ma tana iya juyowa ta nemi kuɗinta a wajenka.

Ragowar ƙanana ne, anan kuma ta intanet bata da laifi ko kaɗan, duk inda yafi sauƙi saya. Motar aiki tana son inshorar kasuwanci don ta gida tana iya ƙin biya in an yi hatsari da lodin yashi da miksa a baya. Kayan aiki, miksa da famfon feshi da sikafol, suna da tasu daban wadda ke binsu duk inda aka kai su, tunda sata a wurin gini ba sabon abu bane. Bond, wato takardar lamuni da hukumar lasisi ke nema, kuma kar a ɗauke shi inshora, a Kalifoniya mai lasisin C-35 na yaɓe yana ajiye na dala 25,000 tun farkon 2023, in aka biya wani daga ciki kai zaka mayar da kuɗin.

Na san wasu zasu ce ya hukuncin inshorar ma tukuna. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa ta kasuwanci bata halatta ba, ta taimakekeniya ce ta halatta, wasu malamai irin su Mustafa al-Zarƙa kuma sun halatta, da yawa kuma sun yi sauƙi a inda doka ko aiki ya tilasta. Wannan mutum ya zauna da malaminsa, ni ɓangaren takarda nake magana.

In ka tambaye ni wa ya dace da wacce: mai ƙananan gyare-gyare, cike tsaga da shafe a gidaje masu hawa ɗaya ko biyu, baya taɓa soso, baya ba kowa aiki, in ya samu ta intanet da ta rubuta situko da sunansa a shafin farko kuma bata cire aikin da aka gama ba, ya ɗauka, babu dalilin biyan dillali. Wanda ke yaɓe sabon gida daga ƙasa har sama, ko yana da ƙungiyoyi a ƙarƙashinsa, ko yana taɓa EIFS ko da na ado ne, ko yana Niyok ko Fulorida, ya nemi dillali, kuma ya nemi farashi daga biyu ko uku ya ce kowa ya haɗo da jerin fom-fom ɗin, ya jera su gefe da gefe. Sau da yawa wadda tafi araha da dala dubu ɗaya ko biyu zaka tarar ita ce ta cire ayyukan baya. Kuɗin inshorar kuma a cikin farashin aiki ake saka shi tun wajen ciniki, wanda ya karya maka farashi da rabi galibi wannan ne bai biya ba.

Ga masu shirin tattarawa su koma gida ko su canza sana'a, kar a soke inshora ranar da aka ajiye cokali a ɗauka an gama. Tunda takardar tana bin lokacin da ɓarna ta faru ne, bangon da ka yaɓa bara in ya fara shan ruwa baɗi bayan ka soke, ana iya cewa babu takardar da ta rufe shi. Akwai inshorar da ake saya musamman don ayyukan da aka daina, tambayi dillali farashinta kafin ka rufe kamfanin. Sannan duk tsofaffin takardunka na kowace shekara, cikakkunsu ba satifiket kawai ba, da satifiket ɗin duk wanda ka taɓa ba aiki, da hotunan takardar hana ruwa da gefen tagogi kafin ka rufe su da yaɓe, ka adana su a imel ko wani wuri da zaka iya buɗewa daga ko'ina, aƙalla na tsawon shekarun da dokar jiharka ta ba masu gida su kawo ƙara.